Kwamfutar da Ta Ƙi Cajar Kasuwa

Mutumin ya dangwarar da kwamfutar a kan tebur, ko sallama babu. Dogo ne mai gemu, fuskar nan a murtuke. Duk shagunan gyaran da ke layin ya wuce su, kansa tsaye ya faɗo wannan.

"Ba ta caji. Ka gyara ta yanzu, ka goge duk tarkacen da ke ciki. Kuma kada ka soma yi min zancen kuɗin aiki."

Mai gyara ya ɗago ya kalle shi sama da ƙasa. Ya ga 'yan rainin wayo iri-iri a sana'ar nan, amma wannan ya zo da sabon salo. Dama shi ma a wuya yake. Tun makon jiya gidansa ba daɗi: an shiga ɗakin 'yarsa da rana tsaka an ɗauke kwamfutarta, da aikin bincikenta na kammala jami'a a ciki, kuma ba ta da kwafi ko'ina. Jibi za a rufe karɓa. In ba ta miƙa ba, sai ta maimaita shekara.

Yarinya ta daina cin abinci. Yayanta ne ya fara ganin tagar a buɗe, shi ya ce ya hangi wani dogo yana sauri ta bayan gida. Tun ranar shi ma ya zama wani iri, ko kiransa aka yi sai ya kife wayar, ba ya ɗauka. Uban ya ce tausayin ƙanwa ne.

"Ina cajar?" in ji mai gyara.

Dogon ya wurgo masa ita. Cajar kasuwa ce, irin wadda ake tarawa a faranti, ba nauyi kamar kwali. Mai gyara ya gwada ta da mita: wuta tana zuwa, amma ba ta kai yadda ake so ba. Ya jona ta, fitila ba ta kama ba. Ya haska bakin cajin da tocila, ya hure ƙura, ya sake jonawa. Shiru.

"Kallonta za ka tsaya yi, ko gyara?"

"In kana sauri, ga ƙofa nan."

"Ba inda za ni. Ku kuka ɓata, ku za ku gyara."

Mai gyara ya yi tsaki, ya kifa kwamfutar zai kwance murfi. Nan hannunsa ya tsaya. A kan kowace ƙusa akwai ɗigon jan farce. Duk layin nan shi kaɗai ke wannan, don ya gane in wani ya buɗe kwamfuta bayan shi ya gyara, har abokan sana'a na yi masa tsiya a kai. Kwamfutoci da yawa sun fita shagonsa da alamar. Amma ɗaya ce tak mai ɗigon shuɗi, don ranar da ya canza mata bakin caji a gida, jan ya ƙare, 'yar ta miƙo masa nata. Shuɗin ne a gabansa.

Ya ɗago kai. Ya dubi tsayin mutumin, ya tuna dogon da ɗansa ya ce ya hanga. A hankali ya jawo waya ƙarƙashin tebur, ya tura wa maƙwabcinsa mai sayar da wayoyi saƙo: tara mutane, ku tsaya bakin ƙofata.

Ya ci gaba da aiki kamar ba komai. Ya cire batirin, ya duba bai kumbura ba, ya danne maɓallin kunnawa ya riƙe don ragowar wuta ta fita, ya mayar ya ɗaure. Sannan ya buɗe aljihun tebur ya zaro wata caja baƙa mai nauyi. Ta kwamfutar 'yarsa ce, a jikin bango ɓarawon ya bar ta. Tun ranar mai gyara yake yawo da ita, shi kansa bai san dalili ba. Kwamfutar nan ba ta karɓar kowace caja sai tata, duk gidan an sani.

Yana jonawa, fitila ta kama.

"To, ka ga? Saura gogewa," in ji dogon. "Ko lambar sirrin ba a ba ni ba."

Mai gyara ya kunna ta. Ya buga lambar da kansa. Ga aikin nan, babi-babi, ko harafi ba a taɓa ba. Daɗi ya rufe shi har ƙwalla ta cika masa ido. Sai daɗin ya koma baƙin ciki, ya tuna yadda 'yarsa ta rame a 'yan kwanakin nan. Bakin ƙofa ya riga ya yi baƙi da mutane, wani har da ƙarfen rufe shago a hannu.

Ya zagayo ya ci kwalar dogon. "Ɓarawo. Gidana ka shiga, kuma ka kawo min kayana in gyara maka? Yau sai ka faɗi ta inda ka bi."

Mutane suka danno ciki. Dogon ko gezau bai yi ba. Ya ɓamɓare hannun mai gyara daga rigarsa, ya ciro wayarsa, ya nuna wa taron jerin kiran da ya yi ta yi ba a ɗauka ba. Mai gyara ya kalli lambar. Ya haddace ta tun ranar da ya saya wa mai ita layin.

"Ɗanka ya sayar min da ita, ya daina ɗaukar wayata," in ji dogon. "Shi ya sa na zo wurin ubansa."