Tikitin Kumasi

Ana ajiye musu gasasshen kifi da jatan lande a gidan abincin 'yan Vietnam, 'yarta ta turo mata ambulan.

"Mama, buɗe. Albashina na farko ne."

Tikitin jirgi ne zuwa Kumasi.

"Ki je ki ga Kaka tun tana gane mutane."

Shekara ashirin da uku uwar tana Bronx a Amurka tana jinyar iyayen wasu, kullum cewa take aiki ya hana ta zuwa gida. Yarinyar kuwa a nan aka haife ta, ba ta san uwarta ba ta da takardun zama ba. In ta fita, ba dawowa.

"Allah ya yi miki albarka," ta ce, tana goge ido. "Barkonon mutanen nan akwai zafi."