Ƙafar Tukur Aradu

Mai shayin tashar Ikara ya riga ya zuba madara lokacin da Mamuda ya faɗi sunansa da garin da ya fito. Mutumin ya dube shi sama da ƙasa, ya juye shayin a kwata.

"Kai ne mai tsaron bayan Zariya? Tashi ka ba ni bencina."

Shekarar 1965 ce, shekara huɗu bayan abin da ya faru, amma Ikara ba ta huce ba. Kowa a garin ya haddace tarihin Tukur Aradu. Ya tafi Kaduna da takardar gama makaranta, wani kamfani ya ɗauke shi aiki, ya shiga ƙungiyar ƙwallonsu wadda ba a sa kowa a ciki sai ma'aikaci mai takarda. Cikin shekara uku ya ci ƙwallo saba'in da ɗaya. Mutanen Ikara kan kewaye rediyon gidan hakimi, duk sanda aka ce "Aradu ya faɗo!" sai ihu ya tashi har bakin kasuwa. Ana gab da kiransa ƙungiyar Arewa baki ɗaya sai wasan Zariya ya zo.

Mamuda ya fi kowa sanin ranar. Sau biyu Tukur ya zura masa ƙwallo ta tsakanin ƙafafu, 'yan kallo suna dariya. A karo na uku Mamuda bai nufi ƙwallon ba. Ya ji ƙarar ƙashin kamar an karya rake, ya kuma ga fuskar mutumin a ƙasa, baki buɗe, ba kuka. Wannan fuskar ta hana shi sakat. Ya bar wasa ya koma tuƙin motar kaya. Yanzu da ya yi niyyar aikin Hajji, mahaifiyarsa ta ce ba za ta sa masa albarka ba sai ya nemi gafarar wanda ya nakasa.

Gidan Tukur ne kaɗai mai rufin kwano a unguwarsu. Kamfanin ya riƙe shi a ofis bayan karayar, ya dawo gida da kanti da sanda mai kan azurfa. Mamuda ya yi sallama a zaure har sau uku kafin murya ta amsa daga bayan ƙyaure.

"Na san abin da ya kawo ka. Wanda ka karya ba ya bukatar ganin fuskarka."

"Malam Tukur, don girman Allah, ko minti ɗaya ne."

"Bar garin nan kafin in sa a fitar da kai."

A ƙofar gida wata tsohuwa mai tallar daddawa, Mero, ta ce masa ya haƙura. "Ɗan nan, ko yaran gari ba ya yarda su yi ƙwallo a gabansa, don baƙin ciki. Ƙanensa ma da ya bi shi Kaduna yana masa girki, da suka dawo korarsa ya yi. Hassada ce ta ci yaron, in ji mutane."

Mamuda bai haƙura ba. Ya ji cewa ranar Laraba Tukur zai miƙa kofi a wasan makarantu a Makarfi, sai ya kwana biyu a cikin motarsa, ba mai amsa masa gaisuwa, ba mai sayar masa da tuwo.

Ranar Laraba ya kutsa cikin taron. Daga nesa ya hango bayan babbar riga shuɗiya da sandar nan a rumfar manya. Ya ɗaga murya ya kira sunan. Wani ya ce, "Ga wanda ya karya Aradu nan!" Kafin ya ƙara taku uku an shaƙe masa wuyan riga. Hoge ya same shi a goshi. Ta tsakanin kafaɗun mutane ya ga mai babbar rigar ya shige mota da sauri, bai ko waiwayo ba.

Dogarai ne suka ƙwace shi. Ya tayar da mota jini na zuba masa a ido, ya kama hanyar Zariya. Bai san an soka wa tayar baya ƙusa ba sai da ya kusa Kudan, motar ta fara ja gefe guda.

Aka nuna masa mai faci a gindin wata tsamiya, kusa da masu dafa mazarƙwaila. Mutumin yana zaune a kan guntun turmi, kansa a sunkuye, yana goge wata tsohuwar roba. Mamuda ya gangaro da tayar, ya yi sallama, ya tambayi aiki. Mai facin ya amsa a gajarce, ya jawo tayar ba tare da ya tashi ba.

"Daga ina?"

"Ikara da Makarfi. Na je neman gafara, na samo duka."

Hannun mai facin ya tsaya. Sannu a hankali ya ɗago kai.

Mamuda ya gane fuskar nan da ya gani a ƙasa ranar wasan Zariya. Ya durƙusa cikin baƙin mai da ƙasa.

"Tukur?"

Mutumin ya daɗe yana kallonsa, ido jawur, kamar zai tofa masa yawu. Sannan ya mayar da kansa kan tayar.

"Lawal sunana. Tukur yayana ne. Shi ke da takardar makaranta, ni ke da ƙafar, har ranar da ka zo ka raba ni da ita."