An Hana Buɗe Ƙirjin Auta

Auta kafinta ne, saurayi ƙaƙƙarfa da ke ɗaga ƙyauren katako shi kaɗai. Da tari ya kama shi, kowa a shagon ya ce ƙurar katako ce. Sai da numfashi ya fara gagararsa in ya kwanta, fuskarsa ta kumbura, sannan yayansa ya kai shi asibiti.

Hoto ya nuna ƙari a tsakiyar ƙirjinsa, tsakanin huhu biyu. Likita ta ce irin wannan ciwon daji ba kasafai ake ganinsa ba, kuma samari ya fi kamawa.

"Amma yana jin magani," in ji ta. "Za mu fara da maganin kashe ƙwayoyin daji ta jijiya. In ƙarin ya motse, sai a yi tiyata a cire ragowar. Aikin biyu ne, ɗaya ba ya isa."

Auta ya ji jiki. Amai ya hana shi ci, gashi ya zube, har abokan aikinsa na tsokanarsa wai ya huta da aski. Amma maganin ya yi aiki. Tari ya tafi, gwajin jini ya yi kyau, ya koma cin abinci kamar mai ramuwa.

A nan aka tafka kuskuren. Da mahaifiyarsa ta ji cewa sai an raba ƙashin ƙirji, ta yi tsalle ta dire.

"Yaron da ya miƙe za ku sake kwantarwa? Ba za a buɗe min ɗa kamar akwati ba!"

Yayan ya goyi bayanta. "Ai jini ma ya ce lafiya lau, Mama. In an tsaga ƙirjin nan, da me zai ɗaga katako?"

Likita ta kira Auta a waya, ta sake kira, tana gaya masa gwajin jini ba ya ganin duk abin da ya rage. Ya ce, "Ranki ya daɗe, na warke, na gode." Ya koma shago.

Ba a shekara ba tarin ya dawo, wannan karon da jini. Ƙarin ya girma, ya naɗe manyan hanyoyin jini, ya bazu cikin huhu. Tiyata ba ta yiwuwa kuma.

Uwar ta durƙusa ta riƙe rigar likita tana kuka. "'Yar nan, na yarda. Ku buɗe shi yau, don Allah ku buɗe shi."

Likita ta sunkuyar da kai. Auta ne ya yi magana da ƙyar daga kan gado: "Tashi, Mama. Ni ma ai na ƙi."

Bai ƙara wata ba ya rasu. Wallahi abin da ciwo. Har yau duk wanda ya je gaishe da tsohuwar, maganarta ɗaya ce: "Ni na hana."

Mai karatu, jin sauƙi ba warkewa ba ne. In likita ya ce magani da tiyata, a yi duka biyun tun da sauran lokaci.