Baƙuwar Ɗaki Na Bakwai

Tsaf-tsaf ta cusa kusurwar zanin gado ƙarƙashin katifa, ta ja da baya ta ƙare wa aikinta kallo. Shekara shida ke nan tana shugabantar masu gyaran ɗaki a wannan otal mai ɗaki goma sha biyu kacal, inda ko sabulun wanka sai an naɗe shi cikin takarda mai ƙyalli. Abokan aiki ne suka laƙaba mata sunan, don ba ta rufe baki ba ta ce tsaf ba.

Da safen nan manaja ya tara su. Masu raba wa otal-otal taurarin daraja za su turo mutum cikin makon, zai zo a matsayin baƙo, ba a san ko mace ba ce ko namiji. In tauraro ɗaya ya faɗi, wanda ya jawo ya nemi aiki gaba. Da ya zo nan a maganarsa, ita ya kalla. Tsaf-tsaf ta tuna da 'ya'yanta biyu da ke makaranta.

Da rana wani saurayi mai kwat ya sauke wata dattijuwa, ya yi magana ƙasa-ƙasa da mai karɓar baƙi, ya tafi. 'Yar gajera ce, jakarta ɗaya, tafin hannunta ya yi kanta, kayan jikinta kuwa sun sha guga har ƙuda na tsoron sauka a kan karin.

Duk baƙon da aka kai ɗaki na bakwai taga yake fara nufa, don gari gaba ɗaya a shimfiɗe yake a ƙasa. Ita ko kallon tagar ba ta yi ba. Gado ta nufa, ta yaye bargo, ta murza zanin tsakanin yatsu, ta kai hanci ta shinshina.

"Motar wanki har yanzu Talata da Juma'a take zuwa?" ta tambayi Tsaf-tsaf da ta rako ta.

Tsaf-tsaf ta sake dubanta da kyau. Baƙon banza ina zai san ranar motar wanki? Kafin a jima labari ya kai har kicin cewa wakiliyar masu taurari ta iso.

Daga nan otal ya koma gidan sarauta. Manaja da kansa ya kai furanni. Kuku ya sa sabuwar hula. Mai gadi ya sara mata har sandarsa ta suɓuce. Ita kuwa dattijuwa duk abin da aka kawo sai ta cinye tas ta sa albarka, ta yi barci har rana ta take, ta kira a nuna mata yadda ake kunna ruwan zafin baho, tana ta dariya kamar yarinya.

"Salonsu ne," in ji manaja. "Mugu bai da kama. Kada wanda ya saki jiki."

A rana ta uku, wani baƙo ya kifar da shayi a shimfiɗarsa, aiki ya cakuɗe, Tsaf-tsaf ta bar wa wata sabuwar ma'aikaciya ɗaki na bakwai. Sai bayan an gama ta buɗe kabad ta ga babu zanin da take ɓoyewa a can ƙasa. Yadi ne mai kyau, shi ya sa ta kasa zubarwa, amma akwai ƙunar dutsen guga a gefen ƙafa, kamar girman babban yatsa.

Ta sungumi tawul a matsayin hujja, ta hau bene da sauri. Ta makara. Dattijuwa na zaune a bakin gado, tabarau a karan hanci, gefen zanin a kan cinyarta, tana shafa ƙunar.

Tsaf-tsaf ta ajiye tawul. Tsoro ya kama ta, amma ba ta iya jefa wani a rami don ta tsira.

"Mama, laifina ne. In za ki rubuta, ni za ki rubuta. Sabuwar nan ba ta san komai ba."

"In rubuta a ina, 'yata?"

"A rahoton taurarin."

Dattijuwa ta cire tabarau, ta yi dariya har da hawaye. Ta ce ita taurarin sama kawai ta sani. Ajiye aiki ta yi watan jiya, yaranta suka ce ta zaɓi duk inda take so ta huta kwana uku, ta ce nan, ba ta yi shawara da kowa ba.

"To bari in canja miki zanin, Mama, yanzu, tsaf."

Dattijuwa ta riƙe gefen gam.

"Bar min abina in kwana a kai. Shekara ashirin ina goge zannuwan otal ɗin nan a kamfanin wanki ban taɓa ganin gadon ba, wannan ƙunar kuwa ni na yi ta, ranar da aka bugo min waya cewa na yi jika."