Agogon da Ke Gaba da Minti Goma

Wata biyar ke nan da Mai Agogo ya binne matarsa, ga shi bikin shekara ya zo, lokacin da 'ya'ya da jikoki da abokan arziki ke cika masa gida. Mai karatu, wannan dattijo shekara arba'in ya yi yana gyaran agogo, amma agogon bangon falonsa kullum yana gaba da minti goma. Aikin marigayiya ne. Ta tsani latti, shi ya sa tun suna amare ta tura dogon hannun gaba, ta ce kowa ya bi na gidanta. Ya yi mita har ya gaji, ya raɗa mata suna Mai Sauri. Bayan rasuwarta kowace safiya sai ya hau kujera ya wana agogon, ya tabbatar minti goman nan na nan daram.

'Ya'yan suka iso ana gobe biki, yana shago. Ashe tun a waya babban ɗansa, Injiniya, ya kafa doka: kada wanda ya ambaci Mama, kada a bar abin da zai tuna wa Baba da ita. Niyya ce mai kyau, sai dai babu wanda ya tambayi mai gidan.

Suka zage damtse. Aka ɗauke kujerarta, da tabaraunta, da kofinta mai karyayyen hannu. Injiniya ya dubi bango ya girgiza kai.

"Ku duba yadda baƙin ciki ya cinye Baba. Yana gyara na mutane, nasa ya gagare shi."

Ya sauke agogon, ya rataya sabo fil, irin mai saita kansa. Tsohon agogon kuwa aka haɗa shi da tarkace aka ba wani mai sayen tsofaffin kaya da ya zo wucewa da amalankensa.

Da Mai Agogo ya dawo, idonsa bai sauka ko'ina ba sai bango. Ya daɗe a tsaye. Zuciyarsa ta yi masa zafi ƙwarai, amma ya ga gumi a goshin 'ya'yansa, ya ga suna jiran yabo.

"Kun sha aiki," ya ce. "Allah ya yi muku albarka."

Ranar biki gida ya cika maƙil. Dattijon nan ya yi namijin ƙoƙari. Ya sa sababbin kaya, ya tari kowa a bakin ƙofa, ya zolayi jikokinsa cewa sun zo cinye masa gida. Da aka zauna cin abinci ya ce, "Da Mamanku na nan, da tuni ta…"

"Baba, ƙara nama," in ji Auta, ƙaramar 'yarsa, da sauri.

Can ya sake gwadawa, wani ya kawo hirar ƙwallo. A karo na uku Injiniya ya ƙara ƙarar rediyo. Daga nan Mai Agogo bai sake gwadawa ba. Mutum ashirin a falo, amma bai taɓa jin kaɗaici irin na wannan rana ba.

Ana cikin haka Anti Nas ta shigo, aminiyar marigayiya, tsohuwar ma'aikaciyar jinya wadda ba ta iya ɓoye-ɓoye ba. Ko zama ba ta yi ba ta ɗaga kai.

"Ina agogon ƙawata?"

Auta ta shiga ƙifta mata ido.

"Ke, daina min ƙifce, ba ciwon ido nake dubawa yau ba. Na ce ina agogon Mai Sauri?"

Injiniya ya gyara murya. "Anti, ya lalace ne. Minti goma yake gaba."

Mai Agogo ya ajiye cokali a hankali.

"Ɗana, shekara arba'in ina wannan sana'a. Kana zaton ban san yana gaba ba? Uwarku ce ta tura shi. Ni kuma duk safiya nake gyara mata shi a yadda ta bar shi. Shi ne kaɗai abin da ya rage ina yi mata."

Hawaye suka zubo masa, bai share ba. Anti Nas ta ja kujera kusa da shi ta ce, "Yaya, ba su labarin ranar da ta kai ka tashar mota tun direba bai karya ba." Ya bayar, yana kuka yana dariya. Sai ga Auta da nata labarin, surukarsa matar ɗansa ma da nata. Ashe kowa cike yake, doka ce ta toshe bakuna.

Injiniya bai tsaya ji ba. Ya bazama titi yana tambayar mai amalanke. Kwana uku yana zagaya wuraren tara tarkace, bai samu ko murfin agogon ba. Ya dawo ya tarar da mahaifinsa a kan kujera yana tura hannun sabon agogon gaba, agogon yana komawa daidai da kansa. Injiniya ya durƙusa a gabansa.

Mai Agogo ya sauko ya dafa kansa.

"Tashi. Agogo ya tafi, ba zai dawo ba, na kuma yafe maka. Amma ku bar min sunanta a gidan nan. Shi kada ku kwashe."

Mai karatu, wanda aka yi wa rasuwa ba mantawa yake nema ba, abokin tunawa yake nema. Kafin ka taɓa kayan mamaci ko ka hana ambatonsa, tambayi wanda ya bari, ka kuma zauna ka saurare shi.