Rijiyar Ɗan Gidan Nomau

Akwai wani gida da ake kira gidan Nomau, wanda Allah ya yi wa baiwar 'ya'ya. Ɗaya alƙali ne da ba a ɗaukaka ƙara a kan hukuncinsa, ɗaya likitan ido, ɗaya kuma gwanin haƙar rijiya, wanda in ya nuna wuri to a shirya guga. Sai ƙaninsu, da bai taɓa zama ya koyi komai ba, don tun yana saurayi ya gano cewa faɗin sunan gidansu kawai kan sa a shimfiɗa masa tabarma. Albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko, shi kuwa ya sha har ya yi tumbi.

Wata shekara da rani tafiya ta kai shi wani ƙauye da rijiyarsu ta ƙafe, mata na cin nisa da tulu a ka. Da jin sunan gidansu dattawa suka ce Allah ya kawo mai ceto, suka roƙe shi ya nuna musu inda ruwa yake. Kalma ɗaya ce za ta fisshe shi, ya ce ba shi ne ba, yayansa ne. Amma zakaran da aka yanka masa ya riga ya wuce maƙogwaro. Ya tuna ya taɓa ganin yayan ya tsaya gindin suri ya buga ƙafa, bai kuwa san cewa kafin bugun ƙafar nan sai da mutumin ya wuni yana duban itatuwa yana murza ƙasa a hannu ba. Shi ma ya nemi suri, ya buga ƙafa da ƙarfi. Maza suka bar gyaran gona suka duƙufa haƙa, har hannuwansu suka yi kanta, ƙarshe diga ta ci karo da falalen dutse. A al'adar garin, wanda ya nuna wuri shi ke fara sauka ya ɗebo ruwan farko. Ba wanda ya zage shi. Cikin ladabi suka ɗaura masa igiya a ƙugu, suka ba shi guga, suka zura shi. Ya zauna kan busasshen dutse, kunya ta rufe shi, yana hangen fuskokin matan da gobe ma za su sake ɗaukar tulu.

Shi ya sa Hausawa suka ce, kama da wane ba wane ba ne.