Mai Haƙar Rijiya a Jirgin Ƙarƙashin Ƙasa

Ka ce ka hango ɓarna tana tafe, amma ka ja bakinka don kada a ce ka cika zaƙewa. To, gyara zama in ba ka wani misali.

An yi wani mai haƙar rijiya, shekara talatin yana shiga cikin ƙasa yana fitowa lafiya, saboda wata ƙa'ida da ya gada wajen mahaifinsa. Kafin ya sauka sai ya shinshini bakin rami, ya dafa bango da tafin hannu. In bango yana gumi, iska kuma tana tasowa daga ƙasa da warin laka, to ranar ba ya sauka ko wa zai roƙe shi. Wata damina amininsa na ƙuruciya, Tanimu, wani tela da ya shekara ashirin a wani babban birni na ƙetare, ya aika masa ya zo ya ga gari, shi kuwa ya je. Tun safiyar farko suka bi ta wata matakala mai tafiya da kanta, bawan Allah ya ƙanƙame ƙarfe yana salati, Tanimu da abokan shagonsa suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ya ƙudurta a ransa ba zai ƙara yin abin da za a ce masa baƙauye ba.

Bayan la'asar aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Suka rufe shago, suka gangara tashar jirgin da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa, don ita ce hanyar gida. Tanimu kuwa bakinsa bai huta ba, labarin shekara ashirin yake ta zubawa: wane ya yi aure, 'ya'yan wane ba sa jin Hausa, a garin nan maƙwabcinka zai mutu a ɗaki ba ka sani ba sai wari ya gaya maka. Mai haƙar rijiya yana "uhm, uhm", amma hankalinsa ba ya wurin. Ɓeraye ya gani suna hawowa matakala a jere, ta tsakanin ƙafafun mutane, ko tsoro babu. Ya dafa bango, sanyi ƙalau, yana tsattsafo da gumi. Daga bakin ramin jirgi kuma iska tana busowa alhali babu jirgin da ke tafe, ga warin laka ya cika masa hanci. Ya san ruwa ne a can ciki yake koro iska. Ya buɗe baki zai ce "Tanimu, mu koma sama," sai dariyar safe ta faɗo masa a rai. Ga dubban mutane a tsaye, kowa ya sunkuyar da kai kan wayarsa, shi wane ne da zai koya wa 'yan gari garinsu? Kaico! Sai ya haɗiye maganar, jirgi ya iso, suka shiga.

Ba su kai tasha ta gaba ba jirgin ya ja ya tsaya a tsakiyar rami. Fitilu suka yi ta ƙiftawa, suka mutu. Wuri ya yi tsit, sai wani sauti can nesa da mai haƙar rijiya ya sani sarai, irin wanda yake ji idan diga ta huda idon ruwa. Kafin ka ce kwabo ruwa ya kama idon sawu, sai gwiwa. Aka ɓalle ƙofa, mutane suka dira cikin duhu, masu kuka na yi, masu kiran 'ya'yansu na yi. Nan fa sana'a ta yi rana. Ya ce wa Tanimu ya dafa kafaɗarsa kada ya saki, ya bi bango da lalube, yana neman inda iskar sama ke saukowa. Ruwa ya kai ƙugu, ya kai ƙirji, ya taɓa bugun su sau ɗaya har suka nutse suka taso. Da ya miƙe ya ji hannun yana nan a kafaɗarsa, ya yi sanyi kamar randa, muryar Tanimu kuma tana bayansa a hankali, tana ci gaba da labarin wane da wane kamar ba abin da ya faru. Haka har ya laluɓo wani tsani na ƙarfe, ya hau, ya ture murfi, ya fito bakin titi ana ta sheƙa ruwa. Ya juya ya miƙa hannu zai jawo amininsa. Babu kowa a tsanin.

Sai bayan kwana uku da ruwa ya janye aka sami Tanimu, can kusa da jirgin, daidai inda ruwa ya buge su, nesa da tsanin ƙwarai. Mai haƙar rijiya bai taɓa sanin hannun wa ya raka shi sauran tafiyar ba, bai kuma damu ya sani ba. Abin da ya ci masa rai har ya tsufa shi ne kalma huɗu kacal da ya haɗiye a bakin tasha, don gudun dariyar da ba za ta wuce minti ɗaya ba. Ya sani, Tanimu bai sani ba, ya kuma bar shi ya shiga.

Don haka tashi ka je ka faɗa musu abin da ka gani, su yi dariya in sun ga dama. Hausawa sun ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.